Nas ta yi allurar da ba ita ba, mara lafiya ta rasu: kora da kotu ne maganin abin?

Ummu_Haidar
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani lamari da ya faru a Amurka wanda har yau ma'aikatan jinya ba su gama gardama a kansa ba, ina so in ji ta bakinku.

A watan Disamba na 2017, a asibitin jami'ar Vanderbilt da ke Nashville, likita ya rubuta a yi wa wata tsohuwa mai shekara 75 allurar Versed don hankalinta ya kwanta, saboda za a shigar da ita na'urar ɗaukar hoto kuma tana jin tsoro. Aka aiki wata nas mai suna RaDonda Vaught. Magungunansu suna cikin wani akwati ne mai kwamfuta, sai ka rubuta sunan magani ya buɗe maka. Ta rubuta haruffa biyu na farko, VE, maganin bai fito ba, don na'urar ta san shi ne da ainihin sunansa, midazolam. Sai ta danna wurin da ake tsallake tsaron na'urar, ta sake rubuta VE, ta ɗauki abin da ya fito: vecuronium. Shi kuwa magani ne da ke shanye jiki gaba ɗaya har mutum ya kasa numfashi. Tsohuwar ta rasu.

Tana gane abin da ya faru ta faɗa wa likitoci da shugabanninta, ba ta ɓoye komai ba. Asibitin ya kore ta, a 2021 aka ƙwace lasisinta, a watan Maris na 2022 kotu ta same ta da laifin kisa ta hanyar sakaci, a watan Mayu aka yi mata ɗaurin talala na shekara 3.

Ni nas ce. Abin da nake gani shi ne, wannan hukunci bai ƙara wa mara lafiya ko ɗaya tsaro ba, sai dai ya koya wa nas-nas cewa wadda ta faɗi gaskiya ita ke shiga uku. Ku me kuka gani?

Abu_Sadiq_Kn
Wa alaikumus salam. Hajiya, rai fa aka rasa. Kin ba da labarin nas ɗin har da sunanta, amma tsohuwar nan uwar wasu ce. Idan ba a hukunta ba, me za a gaya wa 'ya'yanta?

Pharm_Zainab
Anti Ummu, akwai abubuwan da ba ki kawo ba, kuma adalci ne a faɗe su. Versed ruwa ne a kwalba, vecuronium kuwa gari ne, sai an haɗa shi da ruwa kafin a zuƙa. Wato sai da ta tsaya ta dama shi. A kan murfin kwalbar an rubuta gargaɗi ƙarara cewa maganin yana shanye jiki. Na'urar ma ta nuna mata gargaɗi ta wuce. Sannan bayan ta yi allurar ba ta tsaya ta ga yadda jikin matar zai karɓa ba, ta tafi. Wannan ba zamewar hannu ɗaya ba ce.

Ummu_Haidar
Gaskiyarki ƙanwata, duk haka ne, kuma ita kanta ba ta musa ba. Amma tunda muna cika labari, bari in ƙarasa nawa. A lokacin, tsallake tsaron na'urar nan ya zama ruwan dare a asibitin, don ana ta samun matsala da sabon tsarin kwamfutarsu, kuma ita ta shaida cewa har umartarsu aka yi su riƙa tsallakewa kada magani ya yi jinkiri. Kuma a ɗakin ɗaukar hoton babu na'urar da ake haska lambar magani da ta hannun mara lafiya a tabbatar sun dace. Mafi muni, asibitin bai kai rahoto ga hukumar jiha ba kamar yadda doka ta ce, takardar mutuwa ta fita a kan cewa ajali ne kawai na ciwo, aka sasanta da iyalin a asirce. Sai a ƙarshen 2018 wani da bai bayyana sunansa ba ya tsegunta wa hukuma. Wadda ta faɗi gaskiya ta tsaya gaban alƙali, a cikin waɗanda suka rufe maganar babu wanda ya tsaya.

Dan_Bompai
An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Injiniya_Mustapha
Ina aiki a ɓangaren mai da gas, kuma duk wanda ya shiga harkarmu sai an karantar da shi labarin Piper Alpha. Dandalin haƙar mai ne a Tekun Arewa, gefen Sikotland. Ranar 6 ga Yuli, 1988 ya kama da wuta, mutum 167 suka mutu. Ga yadda abin ya faro: masu aikin rana sun cire bawul ɗin kariya na wani famfo don gyara, ba su gama ba, suka toshe bakin bututun da faranti na wucin gadi. Takardar da ke nuna cewa an cire bawul ɗin ba ta isa hannun masu aikin dare yadda ya kamata ba. Da dare ɗaya famfon ya tsaya, suka duba, ba su ga abin da ya hana ba, suka tayar da wanda ake gyara. Gas ya fito ya fashe. Famfunan kashe gobara kuwa an mayar da su sai an kunna da hannu, saboda masu nutso da ke aiki a ƙarƙashin ruwa.

To wa za ka kora? Wanda ya danna makunnin ya yi abin da takardun gabansa suka nuna masa ne. Lord Cullen da ya jagoranci binciken ya fitar da rahoto a 1990 da shawarwari 106, kuma nauyinsu ya faɗa kan yadda kamfani ke tafiyar da aiki: yadda ake miƙa aiki idan an canji ma'aikata, inda ake ajiye takardun izini, wanda ke duba ko ana bin tsarin. Masanin nan na Ingila, James Reason, ya kwatanta matakan kariya da yanka-yankan cuku masu huji da aka jera. Kowane yanki da hujinsa, hatsari ba ya ratsawa sai ranar da hujojin suka zo saiti ɗaya. Mutumin ƙarshe shi ne yanki na ƙarshe, shi ake gani, amma an daɗe da huda sauran.

Abu_Sadiq_Kn
Injiniya, na ji, amma da wannan magana ai babu mai laifi ke nan a duniya. Kowa sai ya ce tsari ne.

Injiniya_Mustapha
A'a Malam Abu. A wurinmu kashi uku ake yi. Akwai kuskure zalla, mutum ya yi niyyar yin daidai hannu ko ido ya kuɓuce masa. Akwai yanke hanya da ya zama al'ada, kowa na yi, oga na gani bai hana ba. Akwai kuma ganganci, mutum ya san hatsarin sarai ya ƙi kulawa, kamar wanda ya zo aiki a buge, ko ya cire kariyar inji bayan an gargaɗe shi. Na uku ana hukunta shi ko da babu wanda ya ji ciwo. Tambayar da muke yi ita ce: da a ce wani ma'aikaci mai irin horonsa ne ya tsaya a wurin a wannan rana, zai iya yin abin da ya yi? In amsar e ce, korarsa ba ta gyara komai ba, gobe wani zai maimaita.

Pharm_Zainab
To a wannan ma'auni naka, ni a kashi na biyu nake ganin nas Vaught, har tana leƙa na uku. Ƙwace lasisi ban ga laifinsa ba. Kotun laifi ce ban yarda da ita ba.

Maman_Khalifa
Ku yi haƙuri, ina karanta ku zuciyata na tafasa. Kuna maganar Amurka inda ake kai nas kotu. Mu nan yayata ta rasu bayan tiyatar haihuwa a wani asibiti, jini ya ɓalle mata cikin dare, babu wanda ya leƙa ta sai da asuba. Babu wanda ya zo ya zaunar da mu ya ce ga abin da ya faru. Fayil ɗinta ma da muka nema cewa aka yi ba a gan shi ba. Manyanmu suka ce a bar wa Allah, muka bari. Matsalarmu ba yawan hukunci ba ne, rashinsa ne. Idan kuka ƙara da cewa kada a zargi kowa, ai kun ba su lasisi.

Ummu_Haidar
Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya raya abin da ta bari. 'Yar uwa, ba ni da bakin kare abin da aka yi muku. Amma ki duba, me ya sa fayil ya ɓace? Tsoro. A wuraren aikinmu hukunci yana nan, sai dai ba ya hawa sama, kullum gangarowa yake kan ƙaramin ma'aikaci, kuma a ɓoye: takardar tuhuma, canjin wurin aiki, tsawa a gaban jama'a. Nas ɗaya ce ake bar wa ɗaki cike da marasa lafiya da dare, ta san in ta rubuta gaskiyar lokacin da ta duba kowa ita za a kama, ba wanda ya tsara jadawalin ba. Sai ta gyara rubutu. Ku ba ku sami gaskiya ba, asibiti bai koyi komai ba, jadawalin yana nan yadda yake.

Maman_Khalifa
Amin. Ni da za a zo a gaya mana gaskiya, a nuna mana abin da aka canza, wallahi da ya fi min a ɗaure wani. Amma ko wannan ba mu samu ba.

Malam_Tukur_Gusau
Allah Ya gafarta mata. Ina so in gyara wani abu game da "a bar wa Allah". Imani da ƙaddara bai taɓa hana bincike ba. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, ya ce muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Sannan ku duba hukuncin kisan kuskure a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Babu ƙisasi, amma ba a ce shi ke nan ba: akwai kaffara, akwai diyya ga iyalan mamaci. Kaffara tana kan wanda ya yi, diyyar kuwa malamai sun ce aƙilarsa ce ke ɗauka, wato danginsa na wajen uba, ba a bar shi shi kaɗai ba. Shari'a ta raba kuskure da ganganci, ta ba iyalan mamaci haƙƙinsu, ta kuma ɗora wa jama'ar da ke bayan mutum wani kaso na nauyin. Abin da aka yi wa Maman Khalifa, a hana su bayani a ce su yi haƙuri, ba koyarwar addini ba ce.

Kyaftin_AB
Malam ya yi magana. Bari in kawo na harkar jiragen sama, don mu da jini muka sayi wannan darasi.

A watan Disamba na 1974 jirgin kamfanin TWA ya daki dutse yana shirin sauka kusa da Washington, mutum 92 suka mutu. Matuƙan sun fahimci umarnin masu kula da zirga-zirga ta wata fuska, su kuma suna nufin wata. Da aka bincika sai aka gano cewa makonni shida kafin nan, wani jirgin United ya tsallake rijiya da baya a daidai wannan dutse saboda irin wannan rashin fahimta. Matuƙan United sun ba da rahoto a cikin kamfaninsu, aka gargaɗi matuƙansu, amma labarin bai isa TWA ba. Daga nan ne a 1976 aka kafa tsarin da kowane matuƙi ko makanike zai rubuta kuskurensa a asirce. Kuma da gangan aka danƙa shi a hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba hukumar da ke ƙwace lasisi ba. In ka aika cikin kwana 10, kuma abin ba da gangan ba ne, ba laifin kotu ba ne, ba a yi hatsari ba, ana ɗauke maka hukunci. Sun gane cewa labarin ya fi musu hukuncin amfani.

Dan_Bompai
Kyaftin, a masana'antu kuwa akasin haka ne. A inda nake aiki akwai allo a bakin ƙofa da ake rubuta kwana nawa aka yi ba a ji rauni ba, in an kai wani adadi ana ba sashe kyauta. Sakamakon? Yaro ya yanke a hannu, abokansa su ce ya naɗe da tsumma ya yi shiru kada ya jawo musu asara. Allo na ta hawa, hannaye na ta yankewa.

Saminu_Welda
Ga kuma 'yan aikin wucin gadi. Wanda ake biya kullum-kullum in ya ce inji ba shi da murfi, gobe ba za a kira sunansa a bakin get ba. Wa zai yi magana?

Barista_Hauwa
Malam Saminu, mutane da yawa ba su san cewa Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ba ta tambayar wa ke da laifi ba. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnatin tarayya da ke biyan wannan diyya, ba a cire ko kwabo daga ma'aikaci, kuma ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi. Dokar Masana'antu ta 1987 kuma ta wajabta killace sassan inji masu hatsari da kai rahoton hatsari. Inda gizo ke saƙar shi ne kamfanoni da yawa ba su yi rajista ba, don haka rauni ya zama abin ɓoyewa a wurinsu, a ba mutum ɗan kuɗin magani a sallame shi.

Kyaftin_AB
Akwai wani ɓangare da ba mu taɓa ba, kuma ina ganin ya fi shafarmu mu Hausawa. Ranar 27 ga Maris, 1977 a tsibirin Tenerife, manyan jirage biyu da ake kira jumbo, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin jirgi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Kyaftin ɗin KLM shi ne shugaban horar da matuƙa na irin wannan jirgi a kamfanin. Ya fara gudu don tashi alhali ba a ba shi izinin tashi ba. Injiniyan da ke zaune a bayansa ya yi tambaya, anya jirgin Pan Am ya bar titin? Kyaftin ya amsa da ƙarfi cewa ya bari. Ba wanda ya sake magana.

Bayan wannan da wasu irinsa aka fara horar da ma'aikatan jirgi kan yadda ƙarami zai tsayar da babba, da yadda babba zai saurara. Mu da aka tarbiyyantar a kan cewa ba a musu da na gaba, ba a ma haɗa ido da shi, yaya ƙaramar nas za ta ce wa babban likita "ranka ya daɗe, ba wannan ƙafar ba ce"?

Dr_Bashir_Z
Shi ya sa nake son takardar tantancewa ta ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Tambayoyi 19 ne kacal. Ɗaya daga ciki ita ce kowa a ɗakin ya faɗi sunansa da aikinsa kafin a sa wuƙa, saboda wanda ya riga ya buɗe baki sau ɗaya ya fi iya buɗewa in ya ga matsala. An gwada ta a asibitoci 8 a ƙasashe daban-daban, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace suka sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100. Amma na ga inda ake cike ta bayan an gama aiki don kawai fayil ya cika. Takarda ba ta aiki in babban da ke ɗakin bai ɗauke ta da muhimmanci ba.

Malam_Tukur_Gusau
Kyaftin, girmama na gaba bai hana gyara ba. Liman ma in ya yi rafkanuwa mamu ne ke ce masa subhanallah, kuma ba a ɗauke shi rashin ladabi ba.

Aliyu_Sakkwato
Tunda an zo kan jirage, mu a Sakkwato ba za mu manta da 29 ga Oktoba, 2006 ba, ranar da jirgin ADC ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Abuja, Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido na cikin mutum 96 da suka rasu. Ba a yi kwana biyu ba ministan sufurin jiragen sama na lokacin ya fito ya ɗora wa matuƙi laifi. Rahoton masu bincike da ya fito daga baya bai wanke matuƙin ba, ya ce shawarar tashi cikin wannan yanayi kuskure ce. Amma ya ƙara da cewa kamfanin ba shi da rubutacciyar ƙa'ida ta aiki cikin mummunan yanayi, kuma horon da aka ba matuƙan kan juyin iska ba a kan na'urar da ta dace aka yi ba. Mutane sun riƙe maganar minista, kaɗan ne suka ji ta rahoton.

Abu_Sadiq_Kn
Allah Ya jiƙansu. To na yarda da rabi. A binciki tsari, a hau har sama. Amma ban janye ba a kan matar Amurkan nan. Gargaɗi na kan murfi, ta zare shi da hannunta.

Pharm_Zainab
Yaya Abu, gargaɗi a rubuce shi ne mafi raunin kariya, mu masu harkar magani mun sani. Na'urar da ke yi maka gargaɗi a kan kusan komai, ido yana daina ganinsa. Abin da ke aiki shi ne a sa kuskuren ya yi wuyar yi. A Ingila, bayan an sha rasa rayuka saboda an ɗauki potassium mai ƙarfi a zaton ruwan haɗa allura ne, a 2002 aka ba da umarnin kwashe shi daga ɗakunan kwanciya na gama-gari, ba a tsaya ga cewa nas su ƙara kula ba. Bayan shari'ar Vaught ma an ƙara matsa wa asibitoci su saita akwatunan nan sai an rubuta haruffa biyar kafin magani ya fito. Da haka yake a ranar, VERSE, haruffa biyar na farkon Versed, ba zai kawo vecuronium ba.

Ummu_Haidar
To kin ga, Zainab, da bakinki kin faɗi abin da nake nufi.

Pharm_Zainab
Ban canza ba Anti. Gyaran na'ura daban, amanar da ke kan mai riƙe da sirinji daban. Duka biyun nake so.

Saminu_Welda
Barista, don Allah wata tambaya. Akwai yaron da injin niƙa roba ya cinye wa yatsu uku, ya sa hannu zai cire abin da ya maƙale wani ya kunna daga baya bai sani ba. An kori wanda ya kunna, shi kuma an ba shi kuɗin asibiti kawai. Har yau babu kwaɗo a kan makunnin. In kamfanin bai yi rajista da NSITF ba, ina zai fara zuwa?

Barista_Hauwa
Ya fara haɗa takardun asibiti da sunayen waɗanda suka ga abin, ya rubuta wa kamfanin sanarwa ya riƙe kwafi. Daga nan ya je ofishin NSITF da na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharsu, a nan masu duba masana'antu suke, su ne kuma za su iya tilasta maganar kwaɗon. Kada ya sa hannu a kowace takardar sasantawa kafin lauya ya karanta. Yaushe abin ya faru? Akwai wa'adin shigar da buƙata, kada ya wuce shi.